Waiwaye: Bulala da Kasha a Tarihin Tsaron Sudan

Tun watan Satumba na 1983, lokacin da Shugaba Jafar Numeiri ya ƙaddamar da dokokin da aka fi sani da Dokokin Satumba, hukuma a Sudan ta mayar da tsoro babban makaminta na hana laifi. Kotunan gaggawa sun riƙa yanke wa ɓarayi hannu a gidan yarin Kobar ana shelanta hukuncin a rediyo, alhali fari da yunwa suna kwaso mutanen Darfur da Kurdufan zuwa gefen Umdurman, kuma akasarin waɗanda hukuncin ya faɗa wa talakawa ne. A Afrilun 1985 jama'a suka fito kan titi, mulkin ya faɗi.

Gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta hau a 1989, ta shigar da tsoron har cikin rayuwar yau da kullum. Sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991 ya tanadi bulala har 40 kan suturar da ɗan sanda ya ga ba ta dace ba, sannan dokar Nizamul Am, wato dokar tsarin zaman jama'a, ta jihar Khartum ta biyo baya a 1996. Duk Bahaushen da ya taɓa neman abinci a bakin titi a Sudan ya san kasha, wato samamen da hukuma ke kai wa masu sana'ar bakin titi. Da an hango motar, mai shayi za ta bar murhunta da garwashi a ciki ta ruga, mai agashe ya sungumi tirensa, wadda aka cimma kuwa a loda kofunanta da kujerunta, sai ta biya tara. A ganina wannan ne babban lahanin tsarin, domin ya koya wa mai neman halal gudun ɗan sanda, kuma wanda yake gudun hukuma ba zai kai mata ƙarar ɓarawo ba.

An soke dokar Nizamul Am a Nuwamban 2019. Da masu fizgen waya a kan babur, 'yan tis'a tawila, suka addabi Khartum, wasu suka fara kewar bulala, suna mantawa da tsadar rayuwa da rashin aikin da suka yi wa matasa katutu.

Bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, 'yan sanda suka ɓace daga titunan birnin, fursunoni suka fice daga Kobar, aka wawushe gidaje da shaguna. A unguwanni da dama, matasa da limamai ne suka ɗauki nauyin gadi da dafa abincin takaya, wato abincin sadaka na unguwa, ga waɗanda suka kasa gudu.