Iska ce ta rushe gidan ko ruwa? Rikicin inshora bayan guguwar Katrina

Me ke kai masu gidaje da kamfanonin inshora kotu bayan guguwa?

A Amurka, inshorar gida tana biyan ɓarnar iska, amma ba ruwanta da ambaliya. Ambaliya tana da nata tsarin na gwamnatin tarayya tun 1968, kuma daban ake saye. Ita kuwa guguwa tare take zuwa da iska da ruwa. Da Katrina ta afka wa Misisipi da Luwiziyana a Agustan 2005, gidaje da yawa a bakin teku babu abin da ya rage musu sai daɓen siminti. Mai gida ya ce iska ce ta yaye rufin tun ruwa bai iso ba, kamfani ya ce igiyar teku ce ta share komai. Har Trent Lott, sanatan Misisipi a lokacin, sai da ya maka kamfanin inshora na State Farm a kotu kan gidansa na garin Pascagoula.

Idan su biyun suka yi ɓarnar fa?

Nan gizo ke saƙa. Takardun inshora da yawa suna da sharaɗin cewa idan ruwa ya sa hannu a ɓarna, ko kafin iska ko bayanta, babu biya. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da sharaɗin a 2007. Sai a 2009 Kotun Ƙolin Misisipi ta ce abin da iska ta riga ta lalata dole a biya, ko da ruwa ya biyo baya, kuma kamfani ne zai kawo hujjar cewa ruwa ne. A ganina hakan ya fi kusa da adalci: wanda ya rasa gida ba shi da injiniyoyi da lauyoyin kamfani.

Mutanen birnin New Orleans na Luwiziyana da katangar tare ruwa ta fashe musu fa?

Sun ce sakacin ɗan Adam ne ya jawo ruwan, don haka inshorar gida ta biya su. Kotu ta ce ambaliya sunanta ambaliya.

Me ya sa ake zargin kamfanoni da son ɗora laifi kan ruwa?

Su ke sayar da inshorar ambaliya a madadin gwamnati, su ke duba ɓarna. In iska ce, daga aljihunsu za a biya. In ruwa ne, daga asusun gwamnati. A 2013 masu taimaka wa alƙali a Misisipi suka samu State Farm da laifin damfarar wannan asusu kan wani gida, kuma a 2016 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi soke hukuncin.