Rabe-raben tsari da sauyi a gwajin maida zafi wutar lantarki

A ilimin tamodainamik, wato ilimin zafi da aikin da ake samu daga gare shi, kafin a auna komi sai an shata iyaka, abin da ke cikin iyakar shi ake kira tsari, sauran duka kewaye ne. Tsari iri uku ne. Buɗaɗɗe shi ne wanda zafi da abu duk suna shiga suna fita, kamar tukunyar mai shayi tana tafasa tururi na tashi, ko randa da ruwa ke tsattsafowa ta jikinta. Rufaffe zafi da aiki ka ratsa shi amma abu ba ya shiga ba ya fita, kamar kwalbar lemo da ba a buɗe ba. Keɓantacce kuwa ba shiga ba fita, fulas ɗin shayi shi ya fi kusa, amma shi ma kafin gari ya waye ya huce.

Sauyi kuma ana raba shi bisa abin da bai canza ba: aisotamal ma'aunin zafi na tsaye, aisobarik matsi, aisokorik girman wuri, adiyabatik kuma zafi bai ƙetare iyaka ko kaɗan. A tashar wutar lantarki mai aiki da tururi irin ta Egbin a Legas, tafasa ruwa aisobarik ne, tururin da ke juya injin kuma kusan adiyabatik.

Wani gwajin maida zafi lantarki da ɗalibai ka yi shi ne na Seebeck, Bajamushen da ya gano a 1821 cewa in anka haɗa ƙarfe iri biyu, mahaɗa ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, lantarki na gudana. Yanzu ɗan faranti mai irin waɗannan mahaɗai a ciki ake amfani da shi, a ɗora gefe guda kan murhu, ɗayan a sa mishi ruwan sanyi, ƙaramin kwan fitila ya kama. Faranti da wayarshi da kwan rufaffen tsari ne. Nan ne da yawa ka kuskure, su ga mitar auna lantarki ta tsaya wuri ɗaya su ce aisotamal ne, alhali gefen nan da wancan zafinsu ba ɗaya ba, kuma wanga bambanci shi ke kawo wutar gaba ɗaya.

Wannan ya shafe mu sosai nan Sakkwato. Bisa ƙa'idar Carnot, Bafaranshen da ya yi rubutu kan injin zafi a 1824, in gefen zafi na digiri 100, na sanyi 40 kamar ranar watan Afirilu, iyakar zafin da za a iya maidawa lantarki kusan kashi 16 cikin 100 ne. Da asubahin hunturu in gefen sanyi ya sauka digiri 15 sai kason ya kai kusan 23. Farantin gaske ko kashi 10 bai cika kaiwa ba, shi ya sa ruwan randa mai sanyi ke da daraja a wanga gwaji kamar garwashin.