Asusun Gidaje na Ƙasa: kuɗin da ake cira a albashinka da haƙƙin da doka ta ba ka a kansa

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya duba takardar albashinsa zai ga wani layi mai haruffa uku, NHF, da ɗan kuɗin da aka cire a gabansa. Da yawa sun ɗauke shi a matsayin haraji, sun sallama shi tun ranar da suka kama aiki. Alhali ajiyar mutum ce da sunansa, kuma ita ce ke ba shi damar neman bashin gida mai rahusa. Akwai waɗanda suka yi shekara talatin ana cire musu wannan kuɗi, suka yi ritaya a gidan haya, ba su taɓa sanin suna da abin nema ba. Wannan ne ya sa nake ganin ya kamata a warware dokar dalla-dalla.

An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, da doka mai lamba 3 ta shekarar 1992, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka damƙa riƙonsa a hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN. Kafin nan gwamnati ta gwada gina gidajen da kanta. Rukunin gidajen Shagari da ke garuruwanmu da dama ragowar wancan yunƙuri ne na farkon shekarun 1980. Da aka ga aljihun gwamnati kaɗai ba zai ɗauki nauyin ba, sai aka koma ga wata dabara mai kama da adashi: kowa ya zuba kaɗan duk wata, a tara, wanda ya cika sharuɗɗa ya ɗauki bashi mai dogon zango ya saya ko ya gina.

Dokar ta asali ta ce duk ɗan Najeriya mai samun naira 3,000 ko fiye a shekara zai zuba kashi 2.5 cikin 100 na tsurar albashinsa na wata. A watan Fabrairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta gyara wannan sashe. Yanzu ma'aunin shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Ma'aikacin gwamnati da ya kai wannan mataki dole ne ya zuba, shi kuwa ma'aikacin kamfani mai zaman kansa an bar masa zaɓi. Mai ɗaukar naira 70,000, idan aka lissafa a kan dukkan kuɗin, za a cire masa 1,750 a wata, wato 21,000 a shekara. Ɗan kasuwa, tela ko mai sana'ar hannu shi ma yana iya yin rajista ya riƙa zubawa da kansa. Ma'aikacin jiha kuwa sai ya bincika ko jiharsa tana cikin tsarin, domin an yi lokacin da jihohi da dama suka janye ma'aikatansu, daga baya wasu suka dawo.

Ba ma'aikata kaɗai dokar ta ɗora wa nauyi ba. Ta umarci bankunan kasuwanci su saka kashi 10 cikin 100 na basussukan da suke bayarwa a asusun, ta kuma ware wa kamfanonin inshora nasu kason. Wannan ɓangare bai taɓa tafiya yadda aka rubuta shi ba, shi ya sa nauyin ya tattara a wuyan mai albashi, wanda shi ba a tambayarsa kafin a cire. A ganina nan ne babban rashin adalcin tsarin yake. Majalisa ta yi yunƙurin sabunta dokar da ƙudurin da zai sa haraji har a kan siminti, amma Buhari ya ƙi sa hannu a 2019.

To, me mai zubi zai samu? Idan ka kai shekara 18 kuma ka yi aƙalla wata shida kana zubi a jere, kana da damar neman bashin saye ko gina gidan zama. Kuɗin ruwan kashi 6 cikin 100 ne a shekara, kuma ana iya biya har tsawon shekara 30. Wanda ya taɓa tambayar bashi a bankin kasuwanci, inda ruwan ke haura kashi 20, ya san tazarar da ke tsakani. Ba FMBN kake zuwa kai tsaye ba. Akwai ƙananan bankunan lamunin gidaje masu lasisi da ke karɓar takardunka su miƙa, FMBN ya ba su kuɗin a kan kashi 4, su kuma su ba ka a kan kashi 6. An daɗe iyakar bashin tana naira miliyan 15, daga baya aka ɗaga ta zuwa miliyan 50. Tun 2018 kuma aka sassauta kafin alƙalami: wanda bashinsa bai wuce miliyan 5 ba ba a neman ya ajiye komai, daga nan zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 cikin 100 ne.

Sai dai iyakar da ke takarda daban, abin da albashinka zai iya ɗauka daban. Ƙa'idar ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Mu yi lissafi. Bashin miliyan 5 na shekara 30 zai ci kusan naira 30,000 duk wata, ke nan sai mai samun kimanin 90,000 ne zai iya ɗauka. Mai albashin 70,000 ba zai kai miliyan 4 ba. Bashin miliyan 15 kuwa yana buƙatar wanda ke samun wajen 270,000. Shekaru ma suna shiga lissafin, domin ana so ka gama biya kafin ritaya. Ɗan shekara 45 da ya rage masa shekara 15 a aiki, miliyan 5 ɗin nan za ta koma masa sama da 42,000 a wata. Saboda haka matashin da bai daɗe da kama aiki ba ya fi kowa dacewa da tsarin, kuma shi ne galibi bai damu ya tambaya ba, sai aure da 'ya'ya sun zo kuɗin haya ya fara cin rabin albashi.

Dutsen da ya fi tare hanya a Arewa shi ne takardar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukkan filayen jiha a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili ko gida ba tare da amincewarsa ba. Banki yana son takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, tare da zanen gini da hukuma ta amince da shi. Mu kuwa yawancin gidajenmu na cikin gari da filayen awon igiya abin da ke hannun mai su bai wuce takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ba, wani ma gadon kaka ne da ba a taɓa rubuta shi ba. A wajen jama'a wannan mallaka ce cikakkiya, amma banki ba ya karɓarta jingina. Wanda ke da niyyar neman bashin nan ya fara da ofishin filaye na jiharsa, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, tun kafin ya taka ƙofar banki, domin neman takardar yana cin lokaci da kuɗi.

Akwai ƙofofi biyu da ba su da wannan wahala sosai. Ta farko ita ce haya har ka mallaka, wadda bankin ya fito da ita a 2018: ka shiga gida a rukunin da FMBN ya ɗauki nauyin ginawa, ba kafin alƙalami, kana biyan haya wata-wata ko shekara-shekara har gidan ya zama naka. Ga masu guje wa riba, kuma suna da yawa a cikinmu, bankin ya sanar da nau'in wannan tsari marar kuɗin ruwa bisa ƙa'idar ijara, wato haya a tsarin Musulunci. Kada kunya ta hana mutum tambayarsa da sunansa, ya kuma kai yarjejeniyar ga malamin da ya san mu'amalar kuɗi ya duba masa kafin ya sa hannu.

Ta biyu ita ce bashin gyaran gida, har naira miliyan 1, shi ma a kan kashi 6, a biya cikin shekara biyar, wato kimanin 19,300 a wata. Ma'aikatan tarayya suna nema ta hukumar ba ma'aikata lamunin gidaje, na jihohi kuma ta ofishin shugaban ma'aikata. Miliyan ɗaya a farashin siminti da kwano na yau ba za ta yi nisa ba, amma tana iya canza rayuwar gidan da ke da tsoho ko mai lalura: a rushe dakalin ƙofa a yi gangaren da keken guragu zai hau, a faɗaɗa ƙofar banɗaki, a sa masai na zama da ƙarfen dafawa. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, gine-ginen jama'a ta tilasta wa yin irin wannan gyara. Gidan mutum na kansa yana wuyansa, don haka wannan ɗan bashin yake da muhimmanci ga iyalin da ke ɗaukar mahaifiyarsu cak duk lokacin da za ta zaga.

Wanda bai taɓa cin bashin ba, kuɗinsa ba su tafi ba. Idan ya cika shekara 60, ko ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aiki, ko rashin lafiya ta hana shi ci gaba, yana da haƙƙin a mayar masa da zubinsa da ɗan ƙari a kai. Ƙarin bai kama ƙafar hauhawar farashi ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma haƙƙi ne. Idan kuma ya rasu, magadansa ne za su karɓa, kuma iyalai da yawa suna bin kuɗin fansho da giratuti su manta da wannan.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu guda: kuɗin da aka cire maka sun isa asusun da sunanka? Cirewa a albashi daban, aikawa daban, kuma doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya aika. Nemi lambarka ta NHF a sashen albashi na wurin aikinka, ka latsa *219# a layin da ka yi rajista da shi, ko ka je ofishin FMBN na jiharka ka nemi bayanin zubinka. Idan ka ga watannin da babu komai, rubuta ƙorafi yanzu ta hannun ƙungiyar ƙwadagonku, ka haɗa da kwafin takardun albashin watannin, ka ajiye na asalin a gida.