Waiwaye: Tushen muhawarar digirin digirgir a fannin shugabancin ilimi

A watan Disamba na 2020, wata babbar jarida a Amurka ta buga sharhin da ya nemi Jill Biden, uwargidan shugaban ƙasar da aka zaɓa a lokacin, ta daina sanya laƙabin Dakta a gaban sunanta, saboda digirin da ta samu a Jami'ar Delaware a 2007 na EdD ne, wato digirin digirgir na sana'ar ilimi, ba na likitanci ba. Ƙurar da sharhin ya tayar ta lafa cikin makonni, amma tambayar da ke ƙarƙashinta tana nan: me digirin digirgir a fannin manufofi da shugabancin ilimi yake koyarwa, kuma don wa ake yin sa? Masu shirin shiga wannan karatu suna fama da ita har yau, suna ta auna PhD, wato digirin digirgir na bincike, da EdD, alhali gardamar ta haura shekara ɗari.

Farkon labarin sananne ne. Tsarin digirin bincike ya bunƙasa a Jamus bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810, Jami'ar Yale ta ba da PhD na farko a Amurka a 1861, sannan Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia ta ba da na farko a fannin ilimi a 1893. Jami'ar Harvard ta buɗe makarantarta ta nazarin ilimi a 1920, ta ɓullo da EdD domin waɗanda za su riƙe makarantu, kamar yadda lauyoyi da likitoci suke da digirin sana'arsu. Columbia ta bi sahu a 1934. Tun daga nan aka samu digiri biyu masu suna daban, amma darussansu da kundin binciken da ake rubutawa a ƙarshe kusan iri ɗaya ne.

Abin da ba a cika ambatawa ba ya faru ne nesa da jami'o'i, a ofisoshin biyan albashi. A 1921 biranen Denver da Des Moines na Amurka suka fara aiki da jadawalin albashi na bai-ɗaya ga malamai. Niyyar mai kyau ce ƙwarai. Kafin lokacin, malamin sakandare yana ɗaukar fiye da na firamare, namiji fiye da mace, farar fata fiye da baƙar fata, kuma sanayya da shugaba tana iya ƙara wa mutum kuɗi. Sabon jadawalin ya share duk wannan, ya bar ma'auni biyu kacal waɗanda ba a iya musantawa: shekarun aiki da takardar karatu. Zuwa 1950, sama da kashi 90 cikin ɗari na gundumomin makarantun ƙasar, wato hukumomin da ke kula da makarantun kowane yanki, sun rungume shi.

Ya kamata mai karatu ya hasko wannan jadawali a idonsa, domin takarda ce guda ɗaya da malami zai iya karantawa cikin minti biyu. Daga sama zuwa ƙasa an jera shekarun aiki, daga hagu zuwa dama kuma an jera digiri na farko, digiri na biyu, digiri na biyu da ƙarin darussa, sai digirin digirgir a can ƙarshen dama. Malamar da ta kai layin ƙasa, wadda shekaru ba za su ƙara mata komai ba, hanya ɗaya ta rage mata, wato ta matsa dama. Babu gurbi a takardar da ke tambayar abin da ta karanta ko yadda karatun ya sauya aikinta a aji.

Sai kuma wani sauyi ya zo ya ƙara wa lamarin nauyi. A wajen 1940 Amurka tana da gundumomin makarantu kimanin 117,000, amma zuwa farkon shekarun 1970 an haɗe su sun koma kimanin 18,000. Ƙaramar gunduma mai makaranta ɗaya ta zama babbar hukuma mai kasafin kuɗi, motocin ɗaukar ɗalibai da ɗaruruwan ma'aikata, kujerun shugabanci suka ragu, masu nema suka yi yawa, kwamitocin ɗaukar aiki kuwa suka fara tace su da takarda. A ganina a nan ne matsalar ta yi saiwa. Dubban ma'aikata sun buƙaci digirin don albashi da muƙami, jami'o'i kuma ba su da wani samfuri a hannu sai na horar da mai bincike. Sakamakon shi ne shugabar makarantar da ta wuni tana sasanta iyaye da malamai, tana neman wanda zai maye gurbin malamin lissafi, ta zauna da dare tana rubuta kundi mai babi biyar a kan tambayar da ba ita ce ke hana ta barci ba. Ba ta samu isasshen lokacin zama mai bincike ba, ba ta kuma samu horon da aikinta yake nema ba. Bai dace a ɗora mata laifi ba, domin abin da aka ce ta kawo shi ta je nema.

Yunƙurin gyara na baya-bayan nan duk martani ne ga wannan gado. A 2005 rahoton Arthur Levine, shugaban Kwalejin Malamai ta Columbia a lokacin, ya ba da shawarar a soke EdD ga shugabannin makarantu, a maye gurbinsa da ingantaccen digiri na biyu. Wasu suka zaɓi gyara maimakon sokewa, aka kafa shirin Carnegie na sake fasalin digirin a 2007, wanda ya ƙarfafa ɗalibi ya ɗauki wata matsala ta gaske daga wurin aikinsa, ya gwada mafita, ya auna sakamako. Harvard kanta ta buɗe digirin shugabancin ilimi na shekara uku a 2010, wanda shekararsa ta ƙarshe ake yi a bakin aiki, sannan a 2012 ta sanar da maye gurbin tsohon EdD ɗinta da PhD. A Birtaniya kuwa, Jami'ar Bristol ta fara nata EdD tun 1992, digirin ya ci gaba da yaɗuwa zuwa wasu ƙasashe.

Waɗannan gyare-gyare sun taɓa manhaja da kundin bincike, kuma sun amfani ɗalibai da yawa. Jadawalin albashin dai yana nan a mafi yawan gundumomin Amurka, kuma layinsa na ƙarshen dama ba ya bambanta wanda ya fito daga shirin da aka gyara da wanda ya fito daga wanda ba a taɓa ba.