Waiwaye: Kitsen da ke ɗumama jariri

In sanyin Janairu ya sauka da dare a Mai Wurno ko Gadarif a ƙasar Sudan, babba karkarwa yake yi har haƙora su riƙa haɗuwa. Jariri sabon haihuwa bai iya wannan ba tukuna. Ɗuminsa yana fitowa ne daga wani kitse mai ruwan ƙasa da ke kwance tsakanin kafaɗunsa, da wuya, da kewayen ƙoda. Launin kuwa daga cunkoson mitokondiriya ne, 'yan injinan cikin ƙwayar halitta masu ɗauke da sinadarin ƙarfe.

An daɗe ana ganinsa ba a san aikinsa ba. Conrad Gessner na Suwizalan ya bayyana shi a 1551 a jikin wata dabba dangin kurege mai barci duk tsawon hunturu. Sai a 1961 Robert Smith a Amurka ya nuna cewa zafi yake samarwa. A shekarar ce kuma Peter Mitchell na Ingila ya kawo bayanin da ya kwance ƙullin, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1978.

Abin kamar madatsar ruwa ta Sinnar ne, inda ruwa ke juya injin lantarki. Mitokondiriya na ƙona abinci, tana tura furoton, wasu 'yan ƙwayoyi masu cajin lantarki, ƙetaren tantaninta na ciki, su taru kamar ruwa a bayan bango. A yawancin ƙwayoyi, ta cikin injin da ke ƙera ATP, makamashin jiki, suke dawowa. Wannan kitsen yana da wata ƙofa ta gefe, furotin UCP1, wadda David Nicholls da abokan aikinsa suka gano a shekarun 1970. In ta buɗe, furoton su kwararo ba tare da sun juya inji ba, ƙarfin ya koma zafi tsagwaronsa.

Ba haka kawai take buɗewa ba. Fata ta ji sanyi, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo, jijiyoyi su saki sinadarin noradirenalin, a farfasa kitsen da ke ajiye. Gutsattsarinsa su ne makullin ƙofar, su ne kuma itacen wutar. Sanyi na wucewa, ATP da wani sinadari ɗan uwansa, GDP, su toshe ta. Maganin rage ƙiba na DNP, da Amurka ta haramta a 1938, ɓaraka irin wannan yake yi amma babu mai rufewa, shi ya sa zafin jiki ke iya kashe masu shan sa. A 2009 hoton cikin jiki na asibiti da ake kira PET ya tabbatar manya ma suna da ragowar kitsen a saman ƙashin wuya.

Wutar nan tana cin iskar oksijin da sukari sosai. Jaririn da aka bari a jiƙe, ko aka yi wa wanka da wuri, sukarinsa na iya faɗuwa, ya yi laushi ya kasa kama nono. Bakwaini ya fi shiga hatsari, don ajiyarsa kaɗan ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a goge shi nan take, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a jinkirta wanka awa 24, zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5.