Waiwaye: daga zuciyar kwaɗo zuwa ɓerayen lab ɗinmu a Gombe

Ɗalibanmu na famasi a nan Gombe sun saba da aikin nan, a tatso ruwan ganyen sabara ko ɓawon marke a ɗura wa ɓeraye, a yi musu allurar asid a ciki, sai a zauna ana ƙirga sau nawa ɓera ya murɗe. In murɗewar ta ragu sai a rubuta ganyen na kashe zogi. To ta ina ya kashe shi? Amsar na cikin sinadaran da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da su, kuma auna su ba yau aka fara ba.

A 1921 Otto Loewi ya tsokani jijiyar zuciyar kwaɗo da lantarki har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta lafa. Ashe sinadari ke kai saƙon. A 1931 von Euler da Gaddum suka ciro Substance P daga hanji da ƙwaƙwalwar doki, daga baya aka gane yana cikin masu kai saƙon zogi ta laka.

Abin da ya fi burge ni shi ne na 1969, da David Reynolds ya sa lantarki a wani lungu can tsakiyar ƙwaƙwalwar ɓera, aka yi masa tiyata a ciki ba a ba shi maganin kashe zogi ba kuma bai nuna yana jin zafi ba. Jiki na da nasa maganin ke nan! Sai 1973 Pert da Snyder a Amurka suka gano inda su mofin ke maƙalewa, a 1975 kuma Hughes da Kosterlitz a Aberdeen suka tace enkefalin daga ƙwaƙwalen aladu na mayanka.

Amma niƙa ƙwaƙwalwar dabbar da ta mutu yana nuna abin da ke ajiye ne kawai, ba abin da aka saki lokacin da zafin ke ci ba. Shi ya sa a 1974 Ungerstedt a Suwidin ya kawo dabarar siririn bututu da ake dasawa a kan ɓera yana raye yana yawonsa, ruwa na bi ta ciki yana kwaso dofamin da serotonin a auna su da na'ura.

Ko tiramol da ya addabi samarinmu, ban da kama gurbin mofin yana hana jijiya sake zuƙe serotonin da noradirenalin.

Mu a nan yawanci a niƙa muka tsaya, kuma sinadaran nan lalacewa suke in ba a daskarar da su nan take ba, firiza kuwa sai da wuta. Wallahi ina jin ciwon a azabtar da ɓera sannan samfurin ya narke cikin dare. Ƙa'idojin Zimmermann na 1983 sun ce a rage zafin, a taƙaita lokacinsa, a rage yawan dabbobi, don haka malamai don Allah kafin a sa hannu a furojek a tambayi ɗalibi inda zai ajiye samfurinsa.