Waiwaye: yadda kwamfuta ta koyi sanin adireshin na'urar da ke nesa da hanyar zuwa wurinta

Kafin saƙo ya tashi daga wata kwamfuta zuwa wata da ke nesa, sai an san abu biyu: lambar waccan na'ura, da ƙofar da za a bi a isa gare ta. Yau ana warware su cikin ƙiftawar ido, mai amfani bai ma san an yi ba. Da can kuwa da hannu ake rubuta su, kuma burbushin wannan rubutu yana nan a kowace kwamfuta, shi ne ma yake yawan jawo matsala.

A 1969 ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta zama tushen intanet, ta fara a Amurka da cibiyoyi huɗu kacal. Da na'urori suka ƙaru, sai aka tattara sunayensu da lambobinsu a fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar SRI ta Kalifoniya ke kula da shi. Wanda ya kafa sabuwar na'ura sai ya tuntuɓi ofishin a saka shi, sauran kuma kowa ya riƙa sauko da sabon kwafi. Wanda ya yi sakaci bai sauko ba, to a wurinsa sabuwar na'urar ba ta wanzu. Suna biyu kuma ba sa iya zama iri ɗaya a duk faɗin tsarin.

Waɗanda ba su da ARPANET sun fi shan wahala. Su da UUCP suke aiki, tsarin da ya fito daga Bell Labs a shekarun 1970, inda kwamfutoci ke kiran juna ta layin tarho, galibi da dare lokacin da kira ya fi araha. A fayil ɗin L.sys ake rubuta sunan kowace maƙwabciya, da lambar wayarta, da saurin layin, da lokutan da aka yarda a kira ta. Mai aika wasiƙa shi zai yi kwatancen hanya da kansa, zango-zango, yana raba sunayen da alamar motsin rai, kamar na1!na2!na3!mutum. Idan na2 ta mutu, wasiƙa ta maƙale. Manhajar pathalias ta zo ta rage wannan aiki, tana karanta taswirar da kowace cibiya ta bayar ta fitar da hanya mafi sauƙi.

A ranar 1 ga Janairu 1983 ARPANET ta koma TCP/IP, ƙa'idojin sadarwar da intanet ke aiki da su, a cikin shekarar kuma Paul Mockapetris ya fitar da DNS, tsarin da ke juya sunan na'ura zuwa lambarta. Maimakon fayil guda a ofishi guda, kowace ƙungiya ta riƙe sunayen da ke ƙarƙashinta, mai nema ya yi ta tambaya daga sama har ya kai ga mai amsa. An raba suna da lamba, an kuma ɗauke wa mai aikawa nauyin sanin hanya.

Su kansu lambobin, da farko aji uku aka kasa su: A mai ɗaukar na'ura sama da miliyan 16, B mai 65,534, C mai 254. Kamfani mai na'ura dubu biyu C ta yi masa kaɗan, sai a ba shi B ya bar sauran a banza. A 1993 aka kawo tsarin CIDR, aka daina aji, aka koma rubuta tsawon ɓangaren adireshin da ke nuna cibiya (wato rukunin na'urorin da ke haɗe wuri guda) bayan adireshi, kamar /24 ko /22; gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar rukunin. A 1996 aka tsayar da 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16 a matsayin adireshin cikin gida, waɗanda kowa zai iya amfani da su a cibiyarsa, don a rage cin lambobi. Duk da haka rumbun waɗannan lambobi (IPv4) da ke hannun IANA, hukumar da ke rabon su, ya ƙare a Fabrairun 2011.

Ƙa'idar zaɓen hanya ita ce wadda ta fi ƙayyade wuri ita ke cin nasara: /24 tana doke /22 ko da wa ya sanar da ita. A Fabrairun 2008 Pakistan Telecom ta sanar da /24 daga cikin /22 na YouTube don toshe shafin a cikin gida, sanarwar ta tsallaka waje ta BGP, tsarin da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyoyi da shi, duniya ta bi ta, YouTube ya ɓace na kusan sa'a biyu. A Nuwamban 2018 kuma kuskuren saiti a kamfanin sadarwa na MainOne da ke Legas ya sa zirga-zirgar Google ta karkata ta China Telecom na sama da sa'a guda.

A kan na'ura ɗaya ma haka abin yake, sai dai a ƙaramin ma'auni. Jikan HOSTS.TXT shi ne /etc/hosts a Linux, a Windows kuma yana cikin C:\Windows\System32\drivers\etc. Layin "hosts: files dns" a /etc/nsswitch.conf na nufin za a duba fayil ɗin kafin a tambayi DNS. Shi ya sa layi ɗaya da wani ya rubuta shekara biyu baya don gwaji zai sa kwamfuta guda ta ci gaba da neman tsohuwar saba (kwamfutar da ke ba sauran hidima), alhali kowa ya koma sabuwa.

Hanyar hannu a Linux ana saka ta da umarnin ip route add 10.20.0.0/16 via 192.168.1.254. Dole ƙofar, wato 192.168.1.254, ta kasance cikin cibiya ɗaya da na'urar, in ba haka ba umarnin ba zai karɓu ba. Kuma da an kashe na'ura hanyar ta tafi, sai an rubuta ta a saitin dindindin. A Windows ana ƙara -p a umarnin route add.

Kuskuren da ya fi cin lokaci shi ne manta hanyar dawowa. Fakiti, wato guntun saƙo, ya isa reshen da ke nesa, amma na'urar can ba ta san hanyar 192.168.1.0/24, cibiyar mai aikowa, ba, sai ta miƙa amsa ga ƙofarta ta gama-gari, amsar ta salwanta. Mai gwaji zai rantse layin ne ya yanke. Umarnin ip route get tare da adireshin yana nuna hanyar da na'ura za ta zaɓa, kuma a ɓangarorin biyu ya kamata a gwada shi. Tcpdump, umarnin da ke kallon zirga-zirgar fakiti, a can zai nuna tambaya tana shigowa, amsa tana fita ta wata ƙofar daban.

Sai rikicin VPN, wato kariyayyar hanyar da ma'aikaci ke shiga cibiyar ofis da ita daga gida. Yawancin rautocin gida, wato na'urorin da ke raba intanet a gida, da 192.168.0.0/24 ko 192.168.1.0/24 suke fitowa daga shago. Idan ofishi ma da ɗayansu yake aiki, kwamfutar ma'aikaci za ta ɗauka sabar ofis tana cikin ɗakinsa, ba za ta tura komai ta VPN ba. Ana iya lallaɓawa da hanyar /32, wato ta adireshi guda tak, zuwa sabar kaɗai, amma gyaran da ke ɗorewa shi ne a sauya wa ofishin lambobi zuwa wani yanki na 10.0.0.0/8 da ba a cika amfani da shi ba, kamar 10.47.12.0/24, tun kafin na'urori su yi yawa.